Gansakuka a Gwangwanin Shayi

A Dundee, a gidanmu na bakin kogin Tay,
mahaifina yana da yatsu bakwai.
In yara sun tambayi sauran ukun
sai ya ce ya bar su jingina a ƙarshen kudancin duniya,
bai sami sukunin komawa ya fanso su ba.

Lachlan Meldrum sunansa.
Ba shi ne jagoran tafiyar ba,
ba a sa hotonsa a jarida ba.
Shi ne mai awo,
mai tashi sau shida a dare ya duba ma'aunin sanyi,
tawada ta daskare, ya koma ga fensir,
ya jera lamba ƙarƙashin lamba
a ƙasar da rana ta yi yaji wata huɗu.

Ina da shekara biyu jirginsu ya bar tasha.
Ina da biyar wani baƙo mai gemu ya shigo
yana warin man kifi da hayaƙi,
ya tsuguna a gabana, ya miƙo hannu.
Na ɓuya bayan uwata.
Ya daɗe a tsugune, bai ƙosa ba,
ƙanƙara ta riga ta koya masa jira.

Ba mai yawan magana ba ne.
Sau ɗaya, yana gasa tafinsa a bakin murhu,
ya ce ƙanƙara ta matse haƙarƙarin jirginsu
har katako yana nishi kamar mai naƙuda.
Ya ce sun ci karnukan da suka ja musu kaya,
har da Bess, mai kwana a kan ƙafafunsa.
Ya ce Tam Guthrie, mai dafa musu abinci,
ya fita cikin guguwa ɗebo gawayi,
igiya ta kuɓuce masa
taku ashirin daga ƙofar bukka.
Sai da rana ta dawo suka gan shi.

Na nemo shafin wannan daren a littafinsa.
Arba'in da ɗaya ƙasa da sifiri,
iska daga kudu maso gabas.
Babu sunan Tam.
Sai dai wurin ɗigon ƙarshe
fensirin ya huda takarda uku.

Jami'a ta karɓi akwatunan duwatsunsa,
ta ba shi ɗaki maras taga da ɗalibai goma sha biyu.
Shekara talatin yana koya musu
cewa lamba amana ce,
ko ba mai duba ta, kada a ci ta.
Uwata takan ce masa:
Jikinka ya dawo, Lachlan,
sauranka yana kan hanya.
Ya yi murmushi, ya ɗauki hularsa,
ya fita bayan gida, tsakanin kabeji da igiyar shanya,
ya duba ma'auni.

Ranar da muka binne shi an yi ruwa,
ruwan Dundee, marar gaggawa.
Da daddare na buɗe aljihun teburinsa,
na sami gwangwanin shayi mai tsatsa,
a ciki wani ɗan curi busasshe, toka-toka,
da takarda da rubutun hannun hagu:
Gansakuka, daga jikin dutse.
Ita kaɗai na gani ta zauna can da son ranta.

Ban san abin da ya sa ba,
na ɗiga mata ruwa da cokali,
na ajiye ta a taga, na manta.
Kwana tara ina wanke kofuna
sai idona ya kai kanta.
A gefe ɗaya, wurin da bai fi ƙwayar gero ba,
ta yi kore.

Na tsaya da kumfa a hannu.
Sannan na goge, na ɗauko littafinsa,
na fita tsakanin kabeji da igiyar shanya.
Shida bisa sifiri, iska daga yamma.
Na rubuta a ƙarƙashin lambarsa ta ƙarshe.